GIDAN HAYA A BABILA: WA'AZI DOMIN 'YA'YANMU DA KE AIKI A ƘASAR WAJE

Karatu: Irmiya 29:1-14; Ayyukan Manzanni 18:1-3 da 28:30-31

 

Ya ku 'yan'uwana ƙaunatattu cikin Almasihu, wani dare bayan na idar da addu'ar kwanciya, sai waya ta yi ƙara. Wata ɗiyarmu ce, wadda na san ta tun tana ajin katekisim, yanzu kuwa ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a arewacin Ingila. Ranar da za ta tafi, 'yan Zumuntar Mata sun yi mata guɗa, mahaifiyarta ta kawo godiya gaban bagade, mu duka muka yi murna. To, a wannan dare muryarta ba ta murna ba ce. Ta ce, "Fada, ɗakin da wurin aiki suka ba ni na ɗan lokaci ne, saura kwana 9 in fita. Na duba gidaje 11, ba wanda ya karɓe ni. Ashe neman ɗaki ya fi jarrabawa wuya. Don Allah kada ku gaya wa Mama."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Ban gaya wa Mama ba, ba kuwa zan faɗi sunan kowa ba. Amma na ga ya wajaba in yi magana da dukan iyaye mata da maza a lokaci guda, gama a dayosis ɗinmu da wuya ka sami farish da ba shi da ɗa ko ɗiya a ƙetare. Muna ganin hotunansu cikin manyan riguna na sanyi, muna cewa Allah ya yi musu buɗi. Hakika ya yi. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma tsakanin saukar jirgi da ranar da mutum zai sa makulli a ƙofar da zai kira tasa, akwai wani jeji da ba a ɗaukar hotonsa.

Bari mu fara da Maganar Allah. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe sarki Yekoniya, da fadawansa, da masu sana'a da maƙera na Urushalima, ya kai su ƙasarsa. Ku lura da waɗanda aka kwasa: masu ilimi ne da masu aikin hannu, waɗanda ƙasa take tinƙaho da su. Ba da son ransu suka tafi ba, 'ya'yanmu kuwa da ƙafarsu suka hau jirgi, wannan bambanci ne babba. Duk da haka zuciyar baƙo iri ɗaya ce a kowane zamani. Mutanen nan sun zauna a Babila da kayansu a ƙulle, suna jiran ranar komawa. A Urushalima kuma wani annabi mai suna Hananiya yana shelar cewa cikin shekara biyu kowa zai dawo. Magana ce mai daɗin ji, amma ba daga Ubangiji ta fito ba, Hananiya kuwa bai ga ƙarshen wannan shekara ba.

Sai Irmiya ya rubuta musu wasiƙa. Ka yi tsammani annabi zai cika ta da wahayi da al'ajabai. Ina! Maganar gida ya yi musu, da ta lambu, da ta aure. Ya umarce su su yi gini su zauna ciki, su shuka abin da za su ci, su aurar da 'ya'yansu, su roƙa wa birnin da ya ci su da yaƙi alheri, domin lafiyarsu tana ɗaure da lafiyarsa. Ya kuma faɗa musu gaskiya mai ɗaci, cewa zaman na shekara 70 ne. Masu binciken kayan tarihi sun sami allunan yumɓu masu rubutun Babila daga wani gari da ake kira Al-Yahudu, wato garin Yahuza, mafi tsufa a cikinsu na wajen shekara ta 572 kafin haihuwar Almasihu. A cikinsu ana ganin sunayen Yahudawa suna karɓar hayar gona, suna biyan haraji, suna tsaya wa juna shaida. Ashe sun kwance kayansu. A cikin wannan zama na haya ne bangaskiyar Isra'ila ta koyi cewa Allah ba a ƙulle yake cikin Haikali ba, yana nan a bakin kogin Babila kamar yadda yake a kan Dutsen Sihiyona.

Saboda haka, ɗana, ɗiyata, idan wannan takarda ta iso gare ka a can, ka sani neman ɗaki ba ƙaramin al'amari ba ne a gaban Allah, ba kuwa abin kunya ba ne ka kawo shi cikin addu'a. Na ji wasu suna cewa, "Ai ni shekara uku kawai zan yi, ko'ina na samu sai in raɓa." Da wannan magana mutum yakan kwana shekara bakwai a kan kujerar falon wani, ba ya can, ba ya nan, ba shi da maƙwabci, ba shi da coci, ba shi da hutawa. Ko zamanka gajere ne, ka zauna kamar mutum.

To, me ya sa ɗiyarmu ta duba gidaje 11 ba ta samu ba? Ni ma na taɓa yin 'yan watanni ina taimakon wani farish a Ingila, na kuma raka baƙi wurin dillalan gidaje, don haka bari in bayyana muku yadda abin yake, ku iyaye ku fahimta, ku masu shirin tafiya kuma ku shirya.

A nan gida, in kana da kuɗin shekara a hannu, ka sami dillali, ka gaida mai gida, magana ta ƙare. A can wata-wata ake biyan haya, kuma kuɗin hannu kaɗai ba ya buɗe ƙofa. Tun daga shekara ta 2016 doka ta wajabta wa kowane mai gidan haya a Ingila ya tabbatar cewa ɗan haya yana da izinin zama a ƙasar kafin ya ba shi makulli. Bayan wannan sai dillali ya nemi takardar albashi ta 'yan watanni, da shaidar mai gidan da ka zauna a da, da tarihin yadda kake biyan bashi a ƙasar. Baƙon da ya sauka makon jiya ina zai samo waɗannan? Banki yana neman adireshi kafin ya buɗe maka asusu, mai gida yana neman takardar banki kafin ya ba ka adireshi. Dillalai da yawa kuma suna da wani ma'auni: albashinka na shekara ya kai kuɗin hayar wata sau 30. A misali, in hayar ɗaki fam 780 ce a wata, sai albashin shekara ya kai fam 23,400. In bai kai ba, sai ka kawo wanda zai tsaya maka, mazaunin ƙasar, wanda zai sa hannu cewa in ka gaza shi zai biya. Wa zai tsaya wa baƙo? Gidajen ƙaramar hukuma kuwa ba a maganarsu, domin bizar aiki takan zo da sharaɗin cewa mai ita ba shi da rabo cikin tallafin gwamnati.

Amma dokar da ta tsananta ita ce kuma take kāre ka, in ka san ta. Wata doka ta shekara ta 2019 ta hana dillalai a Ingila karɓar kuɗin duba gida ko na rubuta yarjejeniya daga hannun ɗan haya. Kafin alƙalami da ake bayarwa domin a riƙe maka gida bai wuce hayar mako ɗaya ba. Kuɗin ajiya, wanda ake riƙewa saboda ɓarna, bai wuce hayar mako 5 ba a gidajen da irinmu suke kamawa. A misalinmu na fam 780, hayar mako fam 180 ce, kuɗin ajiya kuwa ba zai haura fam 900 ba. Mai gida ba shi da ikon ɓoye kuɗin nan yadda ya ga dama, dole ya yi masa rajista a ɗaya daga cikin asusun da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya kuma ba ka shaida. A watan Oktoba na 2025 aka sa hannu a wata sabuwar dokar 'yan haya, wadda aka tsayar manyan sassanta su fara aiki daga 1 ga Mayu 2026. Ta hana korar ɗan haya ba tare da dalili ba, ta kuma hana neman kuɗin hayar gaba fiye da na wata ɗaya, abin da a da yakan sa baƙi su zube kuɗin wata shida a dunƙule. Wannan duka na Ingila ne. Sikotilan da sauran sassan Birtaniya suna da nasu tsari, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Wani zai ce, Fada, wa'azi muka zo ji ko darasin lauya? 'Yan'uwana, makiyayin da ya san inda kura take kwana ya kuma yi shiru, ba makiyayi ba ne. Na san wani saurayi da ya ga hoton ɗaki mai kyau a intanet, kuɗinsa da sauƙi ƙwarai. Wanda ya ce shi ne mai gidan ya ba shi labari cewa ya yi tafiya, amma in an tura kuɗi zai aiko da makulli. Yaron ya tura abin da mahaifinsa ya sayar da shanu biyu ya ba shi. Da ya isa ƙofar gidan da akwatinsa, wata tsohuwa ce ta buɗe, ba ta taɓa sa gidanta haya ba. Kada ka biya ko fam ɗaya a kan ɗakin da ba ka shiga da ƙafarka ba, ko wani amintacce bai shiga a madadinka ba. Kada ka ba da kuɗi ba rasit. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Ranar da ka shiga, ka ɗauki hoton kowane bango da kowace mita.

Manzo Bulus kansa ɗan haya ne. Littafin Ayyukan Manzanni ya rufe da labarin cewa ya yi shekara biyu cur a Roma a gidan da yake biya da kansa, soja yana gadinsa, yana karɓar duk wanda ya zo. Roma ta wancan zamani birni ne na benaye masu cunkoso, haya da tsada, gobara ba ta da wuya. A irin wannan wuri Bishara ta kafu a babban birnin duniya. Kafin wannan, sa'ad da ya isa Koranti baƙo, wa ya ba shi masauki? Akila da matarsa Bilkisu, waɗanda su ma baƙi ne, domin Kaisar Kalaudiyus ya kori Yahudawa daga Roma wajen shekara ta 49. Sana'arsu ɗaya, ɗinkin tanti, sai suka ce ya zauna tare da su. Mutanen da aka kora jiya su ne suka buɗe ƙofa yau. Daga baya muna samunsu a Afisa, sa'an nan a Roma kuma, a kowane wuri ikilisiya tana taruwa a gidansu.

A nan zan yi magana da ku da kuka riga kuka zauna a can, kuma ba zan sassauta ba. Da yawa cikinku Akila da Bilkisu ne na gaskiya. Kun je filin jirgi da tsakar dare, kun shimfiɗa katifa a falo, kun tsaya wa wanda ba danginku ba. Ubangiji ya ga wannan. Amma akwai waɗanda suka mai da sabon zuwa gona. Mutum ya kama gida mai ɗaki uku, ya cusa 'yan ƙasarsa takwas a ɓoye ba da sanin mai gidan ba, yana karɓar kuɗin da ya ninka abin da yake biya, ba yarjejeniya, ba rasit, ranar da ya ga dama ya ce su fita. A Ingila gidan da mutum 5 ko fiye, waɗanda ba iyali ɗaya ba, suke zaune ciki, sai da lasisin ƙaramar hukuma, saboda gobara da lafiya. Wanda ya yi wannan a ɓoye ya karya dokar ƙasa, ya kuma ci amanar ɗan'uwansa, ranar Lahadi kuwa sai ka gan shi a sahun gaba. Ina gaya maka, zuwa wurin ikirari bai ishe ka ba sai ka mayar da abin da ka ƙwata. Haka Ikilisiya ta koyar tun fil'azal game da doka ta bakwai.

Kai ma sabon zuwa, gwaji yana jiranka. Za a ce maka akwai mai iya gyara takardar albashi, akwai mai ba da aron adireshi, kowa haka yake yi. Ka tuna bizarka a ɗaure take da sunanka mai kyau. Ka tuna kuma da Ibrahim, kakanmu cikin bangaskiya. Da Saratu ta rasu a Hebron, yana baƙo, bai mallaki ko taki ɗaya na ƙasa ba. Masu ƙasar suka yi masa tayin kyauta, ya ƙi, ya auna shekel 400 na azurfa a gaban shaidu a ƙofar gari, ya sayi kogon Makfela da saurar da ke kewaye da shi. Baƙo ne, amma ya yi cinikinsa da rana tsaka, domin kada wani ya tashi gobe ya ce da zamba ya samu.

In Allah ya ba ka makulli, wani karatu ya fara. Bayan haya akwai harajin ƙaramar hukuma da ake biya a kan kowane gida, wanda ake rage kashi 25 cikin ɗari ga babban da yake zaune shi kaɗai, amma sai ya nema. Akwai kuɗin wuta, da gas, da ruwa, har da lasisin kallon talabijin. Shara ma tana da ranarta da kalar kwandonta. Ƙananan abubuwa ne, amma su ne suke haɗa baƙo faɗa da maƙwabta. In ka shiga gari ka ga kowa da wutsiya, in ji Bahaushe, kai ma nemi taka ka ɗaura. Ban ce ka ɗauki zunubin gari ba. Na ce ka koyi ladabinsa: alƙawarin ƙarfe 9 ƙarfe 9 ne, layi layi ne, hayaniya bayan dare ya yi laifi ce ko da waƙar yabo kake yi.

Abu biyu game da sanyi, domin maganar rai ce. Na farko, saboda tsoron kuɗin gas, waɗansu sukan kashe hita, su rufe tagogi ruf, su shanya wanki a ɗaki, har bango ya yi baƙi da funfuna. A watan Disamba na 2020, a garin Rochdale kusa da Mancesta, wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu saboda funfunar da ke gidansu. Mahaifinsa ya yi ta kai kuka ba a gyara ba. Binciken kotu a 2022 ya tabbatar da sanadin mutuwar, aka kuma yi doka da sunan yaron wadda ta fara aiki a gidajen hukuma da na ƙungiyoyin gidaje a watan Oktoba na 2025. In ka ga funfuna, ka sanar da mai gida a rubuce, ka ajiye kwafi, in ya yi biris ka kai ƙara ƙaramar hukuma. Haƙuri halin Kirista ne, amma yin shiru har yaro ya kamu da ciwon ƙirji sakaci ne. Na biyu, kada ka kuskura ka hura gawayi a cikin ɗaki kamar yadda muke yi da hunturu a tsakar gida. Gidajensu a toshe suke, iskar da gawayi yake fitarwa ba ta da wari, takan kashe mutane cikin barci.

Sai duhu. Ba wanda ya gaya mini wannan kafin in je. A ƙarshen Disamba, a arewacin Ingila, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Mai aikin awa 12 a asibiti yakan fita cikin duhu ya komo cikin duhu, mako guda bai ga rana ba. Jiki yakan yi nauyi, zuciya ta yi sanyi, mutum ya rasa dalilin baƙin cikinsa. Kada ka yi saurin cewa an yi maka asiri daga gida. Hukumar lafiyar ƙasar tana ba masu baƙar fata shawarar shan sinadarin bitamin D duk shekara, rajista da likitan unguwa kuma kyauta ce. Ka je ka ga likita, ka kuma zo ka ga Fada. Babu gāba tsakanin su biyun.

Kaɗaici ya fi duhu. A nan, ko ba ka so, sai an gaishe ka sau hamsin kafin azahar. A can kana iya shekara ba ka san sunan wanda bango ɗaya ya raba ku ba. A cikin wannan shiru ne aure yakan tsage. Matar ce take da bizar aiki, mijin da yake mai gida a nan ya koma mai kai yara makaranta, ba kaka, ba ƙanwa, ba yarinyar maƙwabta da za a aika. Ɗaya yana aikin dare, ɗaya na rana, a bakin ƙofa suke gaisawa. Ya kai miji, Yusufu Mai Tsarki bai ji ƙasƙanci ba sa'ad da ya ɗauki Yaron da uwarsa zuwa Masar, ya fara daga tushe a ƙasar da ba a san gwanintarsa ba. Wanke kwano bai rage maka daraja ba. Ke kuma mata, albashi bai sa kin fi ƙarfin alkawarin da kika ɗauka gaban bagade ba. Ku zauna ku lissafta kuɗinku tare, a fili. Game da yara kuwa, ku sani barin ƙaramin yaro shi kaɗai a gida cikin hatsari laifi ne a dokarsu, dukan yaro kuma an haramta shi ɗungum a Sikotilan tun 2020, a Wales tun 2022. Tarbiyya ba ta ƙare don an ajiye bulala ba, sai dai tana neman ƙarin lokaci da magana. Ku yi musu Hausa da harshenku na gado a gida, ku yi Rosari tare ko da goma ɗaya ce.

Sa'ad da kake duba gida, ka tambayi nisan tashar bas da nisan makaranta, ka kuma tambayi nisan coci. Mako na farko ka je ka gabatar da kanka ga Fadan farish. Misar can gajeriya ce, ba ganga, ba rawar baiko, watakila ka ga tsofaffi sun fi yawa, ka ji kamar ba ka yi sujada ba. Hadaya ɗaya ce, Ubangiji ɗaya ne a kan bagade. In aiki ya hana ka safiyar Lahadi, Misar yammacin Asabar tana cika wajibi. Ka tsaya shan shayi bayan Misa, ko da ba ka san kowa ba. Ɗiyarmu da na fara da labarinta a wurin shayin nan ta sami mafita: wata gwauruwa 'yar asalin Ailan ta ji damuwarta, ta ba ta ɗaki a gidanta har wata huɗu, ta kuma rubuta mata shaidar da dillali yake nema.

Ikilisiya ta san wannan hanya. A ranar 31 ga Maris 1889, Uwa Faransiska Kabrini ta sauka a New York tare da sistoci shida, domin hidimar baƙi 'yan Italiya, bisa umarnin Paparoma Leo na 13. Gidan da aka yi musu alkawari bai samu ba. Daren farko a wani ƙazamin masauki suka kwana, Babban Bishop na birnin kuma ya ba su shawara su koma. Ta ƙi komawa, domin ta san wanda ya aiko ta. Kafin rasuwarta a 1917 ta kafa makarantu da asibitoci da gidajen marayu 67. A 1946 aka sa ta cikin tsarkaka, a 1950 Paparoma Piyus na 12 ya naɗa ta mai roƙo domin masu ƙaura. Shi ne kuma a 1952 ya rubuta wasiƙar da ta kafa Iyali Mai Tsarki a Masar su zama abin koyi ga kowane baƙo. Mai neman ɗaki yana da waliyyiyar da ta ɗanɗana abin da yake sha, ya roƙi taimakon addu'arta.

Yanzu gare mu da muke gida. Iyaye, ina roƙonku da girman Allah, ku ba yaran nan sarari. Kuna jin albashinsu, kuna juya shi zuwa naira, kuna cewa sun yi arziki. Ba ku juya hayarsu zuwa naira ba, ba ku juya kuɗin gas da na bas da harajin da ake cirewa tun kafin albashi ya iso hannu ba. Yarinya ba ta sami gadon kwana ba, an riga an aika mata da lissafin kwanon rufi, da kuɗin makarantar 'ya'yan kawu, da gudummawar biki. Don kada ta ji kunya sai ta karɓi aikin Lahadi, ta ƙara na dare, ta ci bashi, ta aiko da hoto tana murmushi. Mu ne muka koya mata cewa "kada ku gaya wa Mama." Girmama iyaye doka ce ta huɗu, ba mai soke ta, amma Manzo Bulus ya gargaɗi iyaye su ma kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Mu ma masu hidimar coci mu bincika kanmu, gama sau da yawa ba ma tunawa da su sai lokacin bazar da ginin hasumiya. In kun kira, ku fara da tambaya: Kin ci abinci? Ɗakin da ɗumi? Kin sami coci?

Ku matasa masu shiri, ku buɗe kunne. Hanyar aikin kula da tsofaffi da mutane da yawa suka bi tun daga 2022 ta canja. Daga Maris 2024 aka hana masu wannan biza tafiya da iyalinsu, a watan Yuli 2025 kuma aka rufe ta ga sababbin masu nema daga waje. Duk wanda ya ce ka sayar da gonar gado ka ba shi miliyoyi ya samo maka takardar ɗaukar wannan aiki, ɓarawo ne. Waɗanda suka tafi ta irin wannan hanya a baya, da yawa sun isa suka tarar babu aikin, wanda kuwa ya rasa mai ɗaukar nauyinsa yawanci kwana 60 ake ba shi ya sami wani ko ya bar ƙasar. Tafiya ba zunubi ba ce, zama ma ba gazawa ba ne. Asibitocinmu su ma suna kukan rashin ma'aikata, wannan kuma abin sa wa cikin addu'a ne kafin ka yanke shawara.

Ba zan sauka ba sai na taɓa masu gidajen haya da ke zaune a nan gabana. A 1907 Fada Oswald Waller da abokan aikinsa biyu suka iso Shendam baƙi, ba su da ɗaki, ba su jin harshe, mutanen gari suka ba su wurin zama, daga nan bangaskiyar Katolika ta bazu a wannan yanki. Yau a garuruwanmu akwai ɗan hidimar ƙasa da aka turo daga Kudu, akwai malamar da aka yi wa canjin wurin aiki, akwai iyalin da rikici ya kora daga ƙauyensu. In sun ƙwanƙwasa ƙofarka, kana tambayar ƙabilarsu da addininsu kafin ka faɗi kuɗin ɗaki? Kana neman hayar shekara biyu a dunƙule daga wanda ka san ba shi da ita? Rufin yana yoyo, ka ce sai baɗi? Yadda kake so baƙon ido ya riƙe ɗiyarka a Mancesta, ɗiyar wani tana ɗakinka na baya.

Ina roƙon kowane Katekis da shugabannin Zumuntar Mata da na Maza su tattara sunayen 'ya'yan farish da ke aiki a ƙasar waje, da garuruwan da suke, su miƙa wa Fadansu, domin mu haɗa sabon tafiya da wanda ya riga shi, mu kuma riƙa ambatonsu cikin addu'ar masu bi. Duk mai shirin tafiya ya zo ofishin farish tun da sauran lokaci, ya karɓi katin baftismarsa da wasiƙar gabatarwa zuwa ga Fadan inda za shi, ya yi ikirari, a sa masa albarka. A Lahadin ƙarshe ta watan Satumba, ranar da Ikilisiya ta keɓe domin masu ƙaura da 'yan gudun hijira, za mu miƙa Hadayar Misa dominsu, kowane iyali ya zo da sunan nasa a rubuce.

Cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Amin.